Safiyar da Noeline Ba Ta Buga Takalmi Ba

Takalmin ya tsallako shinge ya faɗa tsulum cikin bokitin wankina, ruwan sabulu ya fallatso mini har ido. Sau-ciki ne ruwan ƙasa, ƙafar dama, sabo fil. Na san na maƙwabcina Merv Tuckwell ne, na kuma san kan matarsa Noeline ya auna ya kuskure. Shekara ashirin da shida shinge ɗaya ya raba mu a layinmu na arewacin Sydney, kuma a katakon shingen akwai wata 'yar kafa daidai tsayin idona. Ba ni na huda ta ba. Na dai ƙara mata faɗi kaɗan da wuƙar fere dankali.

Na goge fuska na ɗora ido.

Akwatinsu na buɗe a baranda. Saura kwana uku su shiga jirgin ruwa zuwa Fiji, yawon kwana goma sha biyu da 'yarsu Raelene ta yankar musu tikitinsa. Watan Maris ne, lokacin da kaka ke fara shigowa a ƙasarmu, Noeline kuwa tun Kirsimeti ba ta da zance sai jirgin nan. Matar da ba ta taɓa wuce Newcastle da ke nan kusa da mu ba. Shekara ashirin ta yi a tsaye a kamfanin biskit, ƙafafunta duk sun karkace, gindin babban yatsa ya yi ƙulu kamar ƙwan kaza. Shago biyar muka zaga da ita kafin ta samu wani farin kambas mai taushi. Da ta saka shi sai ta tsaya a tsakiyar shagon, ta ce, "Dulcie, ashe haka mutane suke ji idan suna tafiya?"

Kambas ɗin ne yanzu a hannun Merv.

"Matata ce za ta shiga ɗakin cin abinci na jirgi da takalmin masu goge asibiti? A gaban mutane?"

"Merv, ba wanda zai kalli ƙafata."

"Ni zan kalla! Mai tsinin nan na bikin Raelene za ki ɗauka."

"Jini ya fitar mini ranar, ka gani da idonka. Kwana goma sha biyu ne fa. Ina so in taka in ga gari."

"Gari! Ji ta, Sarauniyar Ingila za ta ga gari."

Ya miƙa hannu ya ɗauko almakashin aske shinge daga ƙusa. Ya datse hancin kambas ɗin, ƙaras, ya datse ɗayan. Noeline, wadda ban taɓa gani ta ɗaga masa ko yatsa ba, ta yi kukan kura ta riƙe almakashin. Ya fizge, ya kama hannunta na dama ya murɗe ta baya, ya haɗa ta da ƙofa. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake, kamar an karya busasshen reshe. Ba ta yi ihu ba. Ta dai sulale ta zauna, jini na bin haɓarta.

"Merv Tuckwell!" na ƙwala. "Sake ta, ƙaton banza! Zan kira 'yan sanda!"

"Kira su mana, uwar gulma. Su zo mu sha giya kamar wancan karon. Ki miƙo mini takalmina kafin in zagayo in cusa miki shi a baki, ko layin nan ya huta."

Na tsamo takalmin. Miƙa masa? Ni? Na lilo shi na cilla can ƙarshen lambunsu, cikin tarin duwatsun da ke ƙarƙashin ciyayi masu duhu, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa.

"Je ka ɗauko, ƙafarka ai lafiya lau take."

Ya zage ni, ya zagi mijina da ke kabari, ya ce Noeline ce za ta ɗauko. Ya shige ciki ya ƙure rediyo, ana tseren dawaki. Kafin magariba ruwa ya sauko, bai ɗauke ba sai asuba.

To, a wajenmu ko yaron da bai iya ɗaura igiyar takalmi ba ya san ba a zura ƙafa cikin takalmin da ya kwana waje sai an buga shi. Saboda baƙin gizo-gizon nan na rami, mai sheƙi, mai fiƙa biyu da ke huda farce. Idan ruwa ya cika raminsa a irin wannan wata, sai ya fito neman wuri mai duhu. A lokacin da nake ba ku labari ba a samo maganin dafinsa ba tukuna. Amma Merv tun da ya yi aure bai buga takalmi da hannunsa ba. Noeline ce. Kullum ƙarfe shida da rabi, a kan matakalar baya: ƙwas, ƙwas, ta juya ɗayan, ƙwas, ƙwas. Da wannan ƙara nake ɗora tukunyar shayina. Ina jin shi kansa ya manta ana yi, yana zaton takalma haka Allah ya halicce su, ba komai a ciki.

Da safe ina bakin kafata tun kafin lokaci. Noeline ta fito, hannun dama a naɗe cikin tawul ɗin goge kwano, ya kumbura ya yi shuɗi. Ta ratsa jiƙaƙƙiyar ciyawa tana ɗingishi, ta tsuguna, ta jawo takalmin da hagu. Ta ɗaga shi za ta buga a dutse. Sai ta tsaya. Ta karkata shi wajen haske ta leƙa ciki. Ta daɗe tana kallo.

Daga ciki ya daka tsawa. "Ke! Sai na fito? Ina so in taka shi ya saki kafin mu shiga jirgi Asabar!"

Ta miƙe a hankali, ta riƙe takalmin ta dunduniya da yatsu biyu, nesa da jikinta, kamar mai ɗauke da kofin da ya cika. Ta ajiye shi a matakala kusa da ɗan'uwansa, ta daidaita su. Da ta juyo, idonta ya sauka kan kafar shingen, cikin idona. Bakin nan nawa da ba ya rufuwa ko a coci, ranar ya rufu.

Merv ya fito da singileti, ko safa babu. Ya zura hagu. Ya zura dama.

Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan ƙara ba. Ya yi tsalle ya fizge takalmin, abin na maƙale a babban yatsansa, yana sara yana ƙara sara. Ya murƙushe shi da tafin hannu, gizo-gizon ya sare shi nan ma. Ya ɗauki takalmin ya yi ta dukansa har ya zama baƙin tabo a siminti, sannan ya juyo kan Noeline da takalmin a sama.

"Ba ki buga ba! Shegiya, ba ki..."

"Da wane hannu, Merv?" ta ce.

Bai kai gare ta ba. Gumi ya karyo masa kamar an juye masa bokiti, yawu na dalala, harshensa na rawa a baki shi kaɗai. Ya durƙusa ya yi amai a kan akwatin. Ni na ruga na kira motar asibiti, kada a ce ban yi komai ba. Da suka zo naman jikinsa duk yana tsalle a ƙarƙashin fata, mutum uku suka danne shi kafin su ɗaure shi a gado. Washegari da rana ya cika.

A shagon mai nama matan layi suka yi mini zobe. "Dulcie, ke da ba abin da ke wuce ki, yaya aka yi?" Na ce tsautsayi ne, mutum ya saka takalmi bai buga ba. Suka ce oh, maza ke nan. Da aka tambayi Noeline hannunta, ta ce santsin ruwa ne ya kwashe ta, na ce ƙwarai, a gabana aka yi. Shekara arba'in ina raba labarin mutane kyauta, wannan ne kaɗai na riƙe, har sai bara da muka binne ta ita ma.

Raelene ta sa aka ɗaga wa Noeline tafiyar zuwa ƙarshen Afrilu. Muka koma shagon nan, aka yi sa'a saura farin kambas ƙafa ɗaya irin nata. Ba mu yi zancen komai ba a bas, sai tsadar tumatir.

Ranar tafiyar na tashi da wuri. Sanyi ya fara, ganyen bishiyar Tuckwell ya zubo cikin lambuna ya yi ja. Ina tsaye a kicin da tukunya a hannu, ban je shinge ba. Ƙarfe shida da rabi na ji ƙofar bayansu ta buɗe.

Ƙwas, ƙwas. Shiru kaɗan. Ƙwas, ƙwas.

Na ɗora shayina.