Firjin Tungar Makau

Kai da kake karanta wannan, ka ji sanarwar a rediyo ranar da aka yi ta. Kwamitin tsaro na yankinmu ya hana fita da farantin sola ko batir zuwa ƙauye, wai 'yan bindiga na cajin waya da su. Ka ce Allah ya kyauta, ka murɗa tasha. Gidanku a cikin gari yake, fankarka tana juyawa. Ba ka tambayi wa dokar ta kama ba.

Ta kama firjin ɗakin shan magani na Tungar Makau, a ƙasar Bukkuyum, tsallaken gulbi. Iska ce ta ɗauke tsohon farantinsa, firji ya mutu, maganin sarar maciji da alluran rigakafi suka lalace. An samo sababbin faranti da batir, aka loda a mota, motar ta zo shingen bincike na bakin gari ta tsaya. Can take har ranar da kwamitin ya zauna, ga hadari ya soma haɗowa a gabas. Kowa ya sani, da gulbi ya kawo, mota ba ta ƙara tsallakawa sai kaka. Kuma damina ce lokacin kububuwa.

Hidaya 'yar Gummi ce, ma'aikaciyar ƙungiyar masu haɗa sola. Ba ta hawa rufin kwano. Aikinta zaman benci a ƙofar ofisoshi, har hukuma ta gaji ta saurara. Ta bi wannan magana daga Anka zuwa Gusau, kowa ya ce ba a hannunsa take ba. Da ƙyar aka yarda ta yi magana a gaban kwamitin, da sharaɗin ta kawo mutumin garin.

Ta kawo Baba Labbo, dattijon da ke kula da ɗakin shan maganin tun tana goye. A ƙarƙashin darbejiyar sakatariya ta ja shi gefe.

"Baba, za su tambaye ka ko mutanen daji na zuwa caji wurinku. Ka ce a'a. Kar ka ƙara komai."

Ya dube ta, ya gyara hularsa. "Ɗiyata, ke ma kin san suna zuwa."

"Na sani. Amma in ka faɗi haka, motar nan ta kwana ke nan."

"To."

Wannan "to" bai kwantar mata da hankali ba, amma an riga an kira su.

Ɗakin a cike yake, tagogi a rufe. Alhaji Muntari, shugaban kwamitin, yana tsakiya, ga masu unguwanni, ga jami'an tsaro. A ƙarshen teburi Shafi'u ne, jagoran 'yan sa-kai, wanda ya binne ƙanensa bara bayan wani hari. Hidaya ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta yi bayaninta a taƙaice. Ba soke doka take roƙo ba, a cire ɗakunan shan magani daga cikinta, a fara da wannan.

Alhaji Muntari ya juya ga dattijon. "Malam Labbo, mutanen nan na zuwa caji wurinku?"

Labbo ya buɗe baki, Shafi'u ya riga shi.

"Ranka shi daɗe, mun gaji da a'a ta baki. Duk garin da munka shiga a'a muka ji, kuma mu iske wayoyinsu jere bisa tabarma. In gaskiya shika faɗi, shi yi alwala shi dafa Alƙur'ani."

Hidaya ta shirya wa tambaya, ba ta shirya wa wannan ba. Ta kalli Labbo, ta ma rasa abin da take so ya yi.

"Ina da alwala," in ji Labbo. "Amma ba ni dafawa."

Shafi'u ya buga teburi da tafin hannu. "Kun ji ko?"

"Suna zuwa," Labbo ya ci gaba, muryarsa ba ta tashi ba. "Mutum shi shigo maka da bindiga rataye, shi miƙo waya, mi za ka ce mai? Wuta ta ƙare? Shina ganin hwitila kunne. Da munka samu farantin farko sun zo. In anka sa wanga, za su zo."

"To ga infoma ya kawo kanai," wani ya ce daga baya. Wasu suka yi dariya, gajeriya, marar daɗi. A wannan yanki, a kira mutum mai kai wa 'yan bindiga rahoto ba wasa ba ne. An kashe mutane a kan abin da bai kai haka ba.

Hidaya ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba. Ta dafa kujera.

"Ranka ya daɗe, ni na ce ya musa, ya ƙi. Yanzu da gaskiya ta fito, bari mu ƙarasa ta. Malam Shafi'u, don Allah, sansanin mutanen daji da kuka tarwatsa da rani, me kuka samu a kan bukkokinsu?"

Shafi'u ya ɗaure fuska. "Malama, ba ke ka tambaya ta ba."

"Faranti kuka samu. Kowa ya ga hotunan a waya. Bayan an kafa dokar ne. Su ba ta shinge suke bi ba, ta daji suke bi. Dokar ba ta kashe musu waya ko ɗaya ba. Firji ta kashe."

"Kin taɓa ɗaukar gawar ɗan'uwanki?" in ji shi. "Waya guda anka buga, sunka tare mu. Ke kina ta firji."

"Ban taɓa ba. Allah ya jiƙansa." Ta dube shi. "Amma wanda maciji zai sara a gona cikin daminar nan, shi ma ƙanen wani ne."

A waje aka yi tsawa mai nisa, kawuna suka juya wajen taga.

Alhaji Muntari ya daɗe yana murza carbi. Hidaya ta san irin wannan shirun. Mutumin bai ƙi ta ba, tsoro yake ji. In ya buɗe ƙofa aka kai hari gobe, sunansa za a kira.

"Doka tana nan," ya ce a ƙarshe. "Ba ni taɓa ta ni kaɗai. Amma mota guda, ina iya barin ta wuce in wani ya tsaya mata. In anka ga farantin nan a daji, ko anka ce da wutarsa anka shirya hari, shi za mu kama. Ba ƙungiya ba. Mutum."

"Ni zan tsaya," in ji Hidaya.

"Ke Gummi kike kwana, Malama. Ɗan garin da ka kwana wurin farantin nika so."

Ta gane inda maganar ta nufa, ta juya da sauri. "Baba, a'a. Mu koma Gusau, mu sake..."

"Gulbi ba shi jiran Gusau." Labbo ya riga ya miƙe. "Labbo ɗan Bello, Tungar Makau. Kun san gidana, su ma sun sani."

Shafi'u ya dube shi. "Tsoho, in ta ɓaci ni zan zo ɗaukar ka."

"Ka zo da wuri, ka iske fura."

Da la'asar motar ta bar shinge. Hidaya ta bi ta a kan babur har bakin gulbi. Ruwan ya soma yin ja, ya kai rabin taya. Labbo na zaune a baya, ya rungume batir kamar jinjiri don kada ruwa ya taɓa shi. Motar ta yi tangaɗi a tsakiya, ta yi ƙugi, ta haye. Bai waiwayo ba.

Ta samu abin da ta zo nema. Ta tsaya a kan yashi, ta kasa kiran ofis ta ce an yi nasara. Daga yau in na daji suka nemi farantin ya hana, ya shiga uku. In ya bari, 'yan sa-kai na tafe. Kuma akwai ɗakunan shan magani da yawa a tsallaken gulbin nan, ba kowanne ke da tsohon da zai ba da wuyansa ba.

Kwamiti irin wannan ba daga sama yake faɗowa ba. Kansilan mazaɓarka yana ciki, mai unguwarku yana ciki, kuna sallah a sahu ɗaya. Ka tare kansilan ranar Juma'a a ƙofar masallaci, a gaban mutane. Ka ce a cire asibitocin ƙauye daga dokar, hukuma ta ɗauki nauyin tsaronsu da kanta. In ya ce za a duba, ka tambaye shi yaushe, kuma kada ka matsa sai ya faɗi rana.