Tuwo a Gaban Suruki

Shekara uku ina jiran ranar nan, sai ga suruki ya zo zai ɓata mini ita da alheri.

Ni ne Jibrin, shugaban 'yan wasan kwaikwayo na Zauren Fasaha a Talata Mafara. Kar sunan ya ruɗe ku, tsohon sito ne na gyaɗa, munka share munka jera benci goma sha biyu. Duk Talata bayan la'asar, in kasuwa ta fara watsewa, masu waƙe su rera nasu, mai barkwanci ya yi nasa, mu kuma mu rufe da wasa. To wannan Talatar Malam Mahmud ya zo daga Gusau, shi ke zaɓar ƙungiya ɗaya tak da za ta je bikin wasanni na jiha. Ɗaya fa! In ya tafi bai rubuta sunanmu ba, shi ke nan, sai wata shekara in da rabo.

Wasanmu a kan baƙo maci ne, wanda ya zo barkan suna ya cinye tuwon suna. Sufyanu ke fitowa a baƙon, ni kuma mai gida. Duk daɗin wasan yana ga cin nan, don da gaske Sufyanu ke tashi da akushi guda na tuwon dawa da miyar kuka a gaban jama'a. Ranar ma tun safe na hana shi ko koko.

Anka ɗaga labule. Sufyanu ya shigo yana shafa ciki yana shinshina iska, mutane sunka fara dariya. Sai na ga ya tsaya cak. Na bi idonsa. A bencin gaba, kusa da Malam Mahmud, ga wani dattijo da rawani da sanda: Alhaji Labaran na Damaga, uban Hidaya, matar da Sufyanu ya aura wata huɗu da sunka wuce. Ya kawo tumaki kasuwa, wani mai shisshigi ya jawo shi kallo. Allah ya isa tsakanina da wannan mai jawowar.

Kafin in ce uffan, Sufyanu ya tuɓe takalma ya durƙusa a bakin dandali.

"Baba, barka da yamma. An zo lahiya?"

Dattijon ya kau da kai gefe. "Lahiya lau."

"Ya gida? Ya su Inna? Ya dabbobi? Ya hanya?"

"Sai godiya. Madalla, madalla."

Mutane sunka ɗauka cikin wasan ne. Ni kuwa na san ba wasa ba ne. Na ja Sufyanu da ƙarfi zuwa tabarma, na buɗe akushi, na ce da babbar murya, "Baƙo, bismilla!"

Ya dubi tuwon, ya haɗiye yawu har ana jin ƙararsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Ya ƙoshi! Mutumin da aka gina wasa kan cikinsa! Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Don Allah Sufyanu, kar ka kashe ni. Loma biyar kawai."

"Yaya Jibrin, in ci tuwo gaban surukina? Da wane ido zan shiga Damaga?"

Daidai nan cikinsa ya yi wani ƙugi mai tsawo. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "La ilaha! Ai surukinsa ne na gaske!" Zauren ya kece. Wasu na dukan benci, wasu na riƙe ciki.

Da na ga ruwa ya riga ya jiƙa ni, sai na ce to bari in yi wanka. Na ɗebo loma mai maiƙo na kai ta dab da hancinsa. "Baƙo, man shanu ne fa. Ka ji daddawa?" Ya runtse ido. Na juya shi ya fuskanci bango, ya miƙa hannu a hankali kamar ɓarawon kaza, sai dattijon ya yi tari. Tari kawai na tsufa! Sufyanu ya janye hannu ya sake durƙusawa. "Sannu Baba." Shi ma Baban kunya ta ishe shi, ya ja rawani ya rufe fuska, ido ɗaya a waje.

Can Alhaji Labaran ya miƙe ya dogara sanda. Bai dubi Sufyanu ba, ginshiƙin zaure ya yi wa magana: "A ce ma yaron ga ya ci abinci nai. Ni na tahi duba tumaki."

Yana fita Sufyanu ya faɗa wa akushin nan. Ban taɓa ganin ci irin na ranar ba, har na ji tausayinsa. Yana kan loma ta ƙarshe sai ga wata dariya mai kauri daga tagar baya, ga ƙarshen rawani yana rawa. Sufyanu ya shaƙe, sai da na bubbuga masa baya.

Da aka tashi Malam Mahmud ya kira ni, yana share hawaye da hularsa. "Na rubuta ku. Amma yadda kunka yi shi yau nake so, har da dattijon. In babu shi, a bar zancen."

Daɗi da tsoro sunka kama ni lokaci guda. Sufyanu ya ce sai dai a ɗauki gawarsa zuwa Gusau. Na bar shi nan na ruga tasha. Na tarar da Alhaji Labaran zaune a gidan gaba na motar Maradun, zai koma gida, na durƙusa na yi gaisuwa mai tsawo, ina neman ta inda zan fara. Ya bar ni ina ta kame-kame har direba ya tada mota, sannan ya leƙo ta taga.

"Na ji abin da baƙonku na Gusau ya ce. Wace rana ce Gusau ɗin?"

"Asabar ta sama, Alhaji."

"To. Amma a ƙara ma yaron tuwon, wancan bai ishe shi ba."