Jan Tsuntsu a Kusurwar Bargo

Marlys Tjaden ce ta yi wannan aika-aikar, kuma ta san ita ce. Matar ƙanen Verna Kuhlman ce, cocinsu ɗaya, gonakinsu na kallon juna, amma ranar bajekolin gunduma ta tsaya a rumfar ɗinki ta naɗe hannu, tana ji ana jingina wa Verna maguɗi a bainar jama'a, ba ta ce uffan ba.

Matan cocin suna da ƙungiyar ɗinki. Duk Laraba suke haɗuwa, su ɗaure bargo a kan katako, su zagaye shi da allurai da gulma. Bargo ɗaya suke kaiwa bajekoli kowace shekara, a rukunin ɗinkin hannu zalla. Kowace mace da nata gidan a jikin bargon, ita za ta ɗinke shi, ta sa harufan sunanta a kusurwa. Verna tun tana ƙarama aka cire ta daga makaranta ta koma tatsar shanu, don haka ba ta sa harufa. Ɗan jan tsuntsu take yi da zare. Duk gundumar ba wanda bai san tsuntsun nan ba, kuma ba wanda bai san bakinta a kan keken ɗinki ba. Cewa take keke na masu facin wando ne da malalata.

Ko da safen ranar bajekolin sai da ta faɗa. Tana rumfar abincin coci tana shafa wa dafaffiyar masara man shanu, wasu 'yan mata suka zo saye, suna hirar sabon keken da uwarsu ta yi oda.

"Ku bar shirmen nan," in ji ta. "In an fara duba barguna ku zo ku ga gidana, mai jan tsuntsu. Ku ga abin da ake kira ɗinki."

Suka kuwa zo. A sahun gaba suka zauna.

A bajekolin nan ba a ɓoye hukunci. Alƙaliyar, wata Misis Pruitt da aka ɗauko daga wata gunduma, tana tsaye da farar safar hannu da lasifika, tana faɗin abin da ta gani kowa na ji, awaki na ta kuka a rumfar da ke maƙwabtaka. Ta yaba launin bargon coci, ta yaba yadda kusurwoyi suka haɗu. Sai ta yi abin da kowace alƙaliya ke yi, ta ɗaga gefe ta juya bayansa. Ta gyara tabarau.

"Mai jan tsuntsun nan na wace ce?"

Verna ta miƙe. Har gyara rigarta ta yi, har waiwayen 'yan matan nan ta yi.

"Nawa ne."

"Ki yi haƙuri, Mama. Wannan ɗinkin keke ne. Dole in fitar da bargon gaba ɗaya."

Verna ta taka har teburin, ta sa hannu a bayan gidanta. Idonta ya daɗe yana yi mata hazo, amma yatsunta ba su mutu ba. Ɗinkin hannu yana da rata, allura ta shiga, ta fito, ta bar gurbi. Wannan ba rata. Wani siririn zaren roba ne kamar gashi ya bi layin ba tsayawa, irin wanda ta gaba sai ka rantse hannu ne ya yi. Keke ɗaya ne a yankinsu ke wannan yaudarar, wanda ƙanenta Delbert ya saya wa Marlys da Kirsimeti, ta yi ta nuna wa mutane kamar sabon jariri. Kuma Marlys ce shugabar ƙungiya, ita ke tafiya da bargo gida ta kama masa baki kafin a kawo.

Verna ta ɗago ta nemi Marlys. Marlys na kallon takalminta.

Ba ta san yadda ta fita ba. Kafin ta kai rumfar aladu labari ya riga ta. Tsoho Harlan Voss, abokin tsokanarta tun suna yara, yana jingine da shinge.

"Verna! Ashe kin yi keke ba ki gayyace mu ba? Mai fetur ne ko mai dizal?"

Mazan da ke wurin suka kwashe da dariya. Matar da ba a taɓa jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba, ta wuce kai a sunkuye, kunnuwanta na zafi.

A bayan garken tumaki Ardith Bohn ta same ta zaune kan damin ciyawa. Ardith ce ke zama kusa da ita duk Laraba.

"Kin san ba ni ba ce," in ji Verna.

"Na sani."

"To me ya kai kekenta gidana? Me na yi mata?"

Ardith ta zauna, ta murza jakarta, ta sake murzawa.

"Idonki ne, Verna. Ɗinkinki ya fara karkacewa. Wani dogo, wani gajere, wani ma bai kama ƙasa ba. In ɗanki ya zo ya ɗauke ki, sai mu warware mu sake da hannu. Bana ne lokaci ya ƙure, yatsun Marlys kuma sun kumbura, ta yi da keke ba ta gaya wa kowa ba."

"Bana. To bara fa?"

Ardith ta sake murza jakarta.

"Shuɗayen ƙyallayen nasara da na jera a bangon falona fa? Na baya-bayan nan?"

Ardith ta juya tana kallon wata tunkiya da ake yi wa wanka.

Abin da alƙaliya ta faɗa bai ƙona Verna kamar wannan ba. Larabobin nan suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Yadda suke leƙo gidanta su ce hannunki sai ke, Verna. Yadda suke tura mata kek da kofi don ta ajiye allura da wuri. Yadda take zama tana yi wa matasan cikinsu gyara, suna cewa to, Anti, suna jiran ta fita su zare abin da ta yini tana yi. Kamar yarinyar da aka ba tsumma ta yi wasa don kada ta yi kuka. Ta ji da ma ƙasa ta buɗe.

Gida take so ta tafi, ta sauke ƙyallayen nan, ta rufe ƙofa. Amma in ta tafi, har ta mutu ita ce tsohuwar da ta zagi keke da rana ta taka shi a ɓoye. In kuma ta yi magana, duk gunduma za ta san idonta ya tafi, an daɗe ana lallaɓa ta. Ta zauna da biyun nan har lasifika ta fara kiran jama'a wajen wasannin la'asar.

Dandalin dai bayan tirela ne, 'yan kallo a kan dammunan ciyawa. Wasu tagwaye suka yi rawa, wani mai gyaran tarakta ya goga goge aka yi masa tafi. Sai aka kira mawaƙan matan coci. Marlys na gaba, ta kama matakala ke nan, Verna ta fito ta tsakiyar mutane da bargon a hammata. Fuskarta ta yi ja har wuya.

"Verna, don Allah ba nan ba," Marlys ta ce ƙasa-ƙasa. "Mu je gida mu yi magana."

"A gida aka ce na yi maguɗi?"

"Don ke muka yi. Don kada ranki ya ɓaci."

"To ga shi ya yi fari tas."

Delbert ya taso da hularsa a hannu. "Yaya, ki bari mana, mutane na kallo."

"Koma ka zauna, Delbert. Ni na goya ka, ni na wanke maka kashi. Da safe ma mutane na kallo."

Ta warware bargon, ta lalubi kusurwar da yatsa har ta taɓa tsuntsun, ta ɗaga shi sama.

"Ga lasifika can, Marlys. Kafin ki buɗe baki ki yi wa Ubangiji waƙa, ki hau ki faɗa. Ki ce Verna Kuhlman ba ta gani, ɗinkinta ya lalace, an daɗe ana warwarewa a bayan idonta. Faɗi, gaskiya ce, zan tsaya a nan in shanye. Amma ki haɗa da ƙafar wadda ta taka keke a ƙarƙashin tsuntsuna. A lasifika aka ɓata min suna, a lasifika za ki amsa. Hau, ina jiran ki."