Tsakuwa Uku a Kwalin Ashana

Mutum na farko da ya kai kyanwa wurin likita a Zangon Kumasi shi ne maƙwabcina Baba Issaka, cikin watan Maris na 1970. Ni Alhaji Gausu shaida ne, domin ni na ɗauki kwandon.

"Alhaji, kwana biyu ke nan Dogari ba ya fitsari sai ɗigo," in ji shi da hantsin ranar, yana kwance bisa tabarma da kumburarrun ƙafafu. Dogari muzurunsa ne. Yana tsugune a gindin randa, yana yunƙuri yana kuka, ƙasar da ke ƙarƙashinsa da jirwayen jini.

Issaka ya shekara arba'in yana koro shanu daga arewa zuwa mahautar Kumasi. Da dokar korar baƙi ta fito, 'ya'yansa biyu suka hau mota zuwa Nijar, shi kuwa ciwo ya zaunar da shi. Gida mai ɗaki tara ya rage daga shi sai muzuru, matata Sahadatu tana aika masa da koko da tuwo.

Na ce, "Malam Issaka, tun zamanin kakanninmu shanu da dawakai ake kai wa likita. Ba a taɓa kai kyanwa ba."

"To, a fara daga kaina. Ɗauko kwandon goronka."

Haka na ratsa unguwa da babbar riga, kwando a hannu da Dogari a ciki, Issaka yana dogara sanda har bakin titi. Matan famfo suka yi ta shewa. "Alhaji, yau goro ne ke kuka?" Na wuce abina.

Likitan dabbobin, wani ɗan Asante mai jin Hausa, ya lalluba marar Dogari, ya tambayi abin da yake ci.

"Kan busasshen kifi, da ruwan kanwa kullum," in ji Issaka yana alfahari. "Haka na riƙe shanuna, ba wadda ta taɓa ramewa."

"Papa, kyanwa ba saniya ba ce. Kanwar nan ta taimaka tsakuwa ta taru a mafitsararsa. Ko in fiɗe shi in cire, kuma ban yi maka alkawarin zai farka ba, ko in yi masa allura ya tafi ba wahala. Gobe ba sauran zaɓi."

Issaka ya daɗe yana duban tafin hannunsa. "Ashe ni na yi masa."

Na sunkuya na ce masa allurar ta fi sauƙi. "Wa zai yi jinyarsa? Kai kanka jinyarka ake yi."

"Kai mana, Alhaji. Na ga ka iya ɗaukar kwando." Ya juya ga likita. "Da hannuna na zuba masa tsakuwar, ba zan bi shi da allura ba. Fiɗe shi. In ya mutu, ya mutu ana nemar masa rai."

Kwana biyar Dogari yana can. Issaka ya daina cin tuwo, ya daina iya zama, amma kullum na leƙo sai ya ce, "Ina labari?" A rana ta shida na dawo da kwandon da wani kwalin ashana da likita ya ba ni. Dogari ya fito da askakken ciki da ɗinki, ya tafi gindin randa yana tangaɗi, ya tsuguna. Issaka ya ɗaga yatsa, muka yi tsit.

"Ka ji ruwa, Alhaji? Kamar famfo!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar Juma'a kafin azahar Allah ya karɓi ran Issaka. Muka kai shi makwanci, na rubuta wa 'ya'yansa takarda.

Abin da ya bari ga shi: sanda ɗaya, tabarma, ƙullin kanwa da Sahadatu ta zuba a wake, da tsakuwa uku kamar ƙwayar gero, suna cikin kwalinsu a akwatina. Dogari ya ƙara shekara shida a gidana, yana shan ruwa zalla. Da la'asar yakan haura katanga, ya kwanta a ƙofar ɗakin Issaka, inda rana ke faɗawa.