Uwaliya da Ido na Huɗu

To jama'a, ga wata nan ta taho muku. Ku ce ta ƙaraso mu ji. Yauwa, Allah ya yi muku albarka.

Uwaliya mai daddawa ce a Getso, kuma duk garin babu mai hannunta a ɗinkin hula. Da aka ce za a yi bajekolin kayan mata a Gwarzo, burinta ɗaya ne: masu saye daga Kano su tafi da lambar wayarta, don in sun wuce, sun wuce ke nan.

Maƙwabciyarta Malama Lovelyn, mai koyarwa a firamare, ta ce akwai dabara: tambarin nan mai ɗigo-ɗigo da manyan idanu a kusurwa, QR, da ake haskawa da waya lambar mutum ta fito. Wanda ta taɓa yi a wani shafin intanet sati biyu ya yi ya mutu, shi ya sa ta sauko da wata manhaja ta kyauta, ta girka a tsohuwar kwamfutarta. Ta buga tambarin a takarda.

Uwaliya ta ce takarda ba ta dace da rumfarta ba. Kwana shida tana ɗinka shi da baƙin zare a farin yadi.

Safiyar tafiya Lovelyn ta haska ɗinkin da waya. Shiru.

"Yaya Uwaliya, ina takardar?"

"Na ƙunshe wa Hambali direba daddawa a ciki."

"Tsaya tukuna. Idanu nawa nake gani?"

"Huɗu mana. Naki uku ne, kusurwa ɗaya fayau. Na ce injin ne ya gaji, na cike masa. Kin taɓa ganin hula gefe guda babu aiki?"

Lovelyn ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, da ido ukun yake gani!"

Ranar kuwa babu sabis a Getso. Amma manhajar tana gida, ba ruwanta da intanet. Minti ɗaya tambarin ya dawo kan allon kwamfuta. Uwaliya ta sa reza ta farke ido na huɗu, Lovelyn tana ƙirga mata gida-gida tana sake ɗinkawa, Hambali yana ta danna hon a ƙofa. Aka sake haskawa, sai ga lamba ta fito.

"Ni dai har yanzu a karkace nake ganinsa," in ji Uwaliya tana naɗe yadin.

Yanzu duk Laraba daddawarta tana tafiya Kano. Lovelyn tana yi wa matan unguwa tambari a kwamfutarta. Hambali ya sha miyarsa, takardar kuwa ba a sake ganinta ba.