Agalemin Gwaggo Uwale

Kantun gishiri biyu. Sanhon dabino ɗaya. Salkar ruwa. Gafaka da littattafai uku a ciki. Aska, allura, tandun mai. Tabarmar kaba guda, a naɗe. Abin da na ɗauko daga Agadas ke nan bayan shekara goma sha shida, kuma raƙumi ɗaya ya ɗauke mu, ni da kayan.

Kwananmu goma sha ɗaya a hanya muka sauka a rijiyar Azagor. Intalla, madugun ayarinmu, ya je wurin masu ban-ruwa ya ji labarin gari, ya dawo ya tsuguna gefen raƙumina.

"Rabi'atu, ba ke ce yayar Isufu na Dakoro ba?"

"Ni ce."

"Matarsa ta sauka kwana uku ke nan. Namiji. Amma ba wanda ke murna. Na uku ne, biyun farko duk cikin barci suka tafi. A kwantar da yaro lafiya lau, a zo ɗauka a tarar da gawa."

Na tashi na ɗaure kaya.

Ina da shekara tara aka kai ni Agadas wurin Inna Zalika, ƙanwar mahaifiyarmu. Mijinta ya koya mini karatu, ita ta koya mini karɓar haihuwa. Shekara arba'in ta yi a aikin, kuma duk gidan da jariri ya mutu cikin barci, tambaya ɗaya take yi: yaya kuka tarar da shi? Amsar ba ta cika sauyawa ba. Rub-da-ciki, fuska a cikin abu mai laushi. Saboda haka duk ɗan da ta karɓa, rigingine take kwantar da shi, a kan tabarma, fuska a buɗe. Da ta rasu na ga ba abin da ya rage mini a can.

Washegari da hantsi na shiga Dakoro. Shekara ta dubu da ɗari biyu da tamanin ce ta Hijira. Isufu, da na bari yana tafiya tsirara, ya tarye ni da gemu. Muka gaisa, ya nuna mini ɗakin mai jego, ya tsaya daga waje.

Ɗakin cike yake da hayaƙi. Baraka, matar Isufu, tana kwance a gadon ƙasa, wuta na ci a ƙarƙashinsa. A bakin ƙofa Gwaggo Uwale ke zaune, yayar mahaifinmu, wadda ta riƙe Isufu tun rasuwar iyayenmu. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"A'a, 'yar Agadas. Ashe kin tuna hanya."

"Na tuna, Gwaggo. Ina jaririn?"

Ta nuna kusurwa. Tulin tsumma na gani. Na ɗaga baƙin zane, na ɗaga wani a ƙarƙashinsa, sannan na ga ƙeyar yaro. A kife yake bisa agalemi, fatar farin rago mai gashi kamar tsawon yatsa, hancinsa a nutse.

"Mayar da zanen," in ji Gwaggo. "Ɗan wabi ne. Abin da ya ɗauke yayyensa ya san fuskar gidan nan. In ya zo bai ga fuska ba, sai ya wuce."

Na juya wurin Baraka. "Na farkon, yaya kika tarar da shi?"

Ta kalli Gwaggo tukuna, sannan ta amsa a hankali. "A kife, Yaya. Don kada tumbiɗi ya shaƙe shi."

"Na biyun fa?"

"A kife. Shi har da lulluɓi."

"A kan mi?"

"A kan wannan fatar."

"Fatar da na raini ubansa a kanta," Gwaggo ta ce. "Ga shi can a tsaye da gemunsa. Ke da ba ki taɓa goya naki ba, za ki koya mini raino daga littafi?"

"Ba a littafi na gani ba."

"To ki sha ruwa ki huta. Baƙo ba ya gyara gida ranar da ya sauka."

Na fita. Na gane abin da ke faruwa a gidan: duk ɗan da ya mutu, sai a ƙara wa na bayansa zane guda.

Kashegari saura kwana biyu suna, mata suka cika tsakar gida da daka. Da rana ta take aka fito da Baraka bayan ɗaki don wankan jego, Gwaggo ce ke riƙe da ganyen wankan. Na ajiye taɓaryata na shiga ɗakin.

Ba motsi a ƙarƙashin zanen. Na yaye shi. Ƙeyar yaron jiƙe take da gumi. Na juyo shi, leɓensa ya yi duhu, jikinsa ya saki kamar tsumman da aka wanke. Na fito da shi cikin iska, na share masa hanci da baki, na murza bayansa da tafin hannu, na hura masa a fuska. Shiru. Na ɗalli tafin ƙafarsa, na sake hurawa. Ya ja numfashi guda kamar an fizge shi, ya tsaya, ya sake ja, sannan ya tsala kuka.

Daka ta tsaya. Baraka ta taho a guje da ruwa a jikinta, ta karɓe shi, ta zauna a ƙasa ta rungume shi.

"Abin ya zo," in ji Gwaggo. "Da rana tsaka ya zo."

Na shiga na ɗauko agalemin na shimfiɗa shi a gaban mata.

"Gwaggo, ki yi mini abu ɗaya, daga nan ba zan ƙara magana ba. Ki kwanta a kansa yadda kika kwantar da shi, in lulluɓe ki da zannuwan nan biyu. In karanta Fatiha ƙafa bakwai. In kin kai ƙarshe, gobe in bi ayari in koma."

"Ni za ki kife a gaban 'ya'yan cikina?"

"Ke kika ce wurin tsira ne."

Wata daga cikin masu daka ta ce, "Gwaggo, ki nuna mata mana. Bakwai kawai ta ce." Aka yi 'yar dariya. Gwaggo ba ta taɓa ja da baya a gaban mutane ba. Ta gyara ɗaurin zane, ta durƙusa, ta cusa fuska cikin gashin. Na rufe ta, na fara karatu ba tare da gaggawa ba.

Ƙafa ta farko ba ta motsa ba. A ta biyu kafaɗarta ta fara ɗagawa. Ban kai tsakiyar ta uku ba ta watsar da zannuwan, ta tashi zaune tana haki, da gashin rago a leɓenta.

"Kashe ni za ki yi, 'yar nema!"

"Ke kina da wuyan da zai ɗaga kanki, Gwaggo, da hannun da zai ture zane. Shi da mi zai ture?"

Wannan karon ba wadda ta yi dariya. Gwaggo ta daɗe tana kallon fatar. Na san yaran biyu take tunawa.

"To tumbiɗin fa?" ta ce can.

"Yaro mai lafiya yana haɗiyewa ko ya juya kai ya zubar. Na raini yara da yawa a rigingine, ban ga wanda nono ya shaƙe ba."

"Fuskar fa? Haka za a bar ta a buɗe, kowa da kome na kallo?"

Ita ce ta nemo amsar da kanta. Ta tashi ta je murhu, ta shafo baƙin tukunya da yatsa, ta ja wa yaron zane biyu a goshi da ɗaya a kumatu.

"Ga shi nan. In ya zo ya ga wannan mummunan, sai ya ce ba ɗan gidan nan ba ne."

"Ya yi," na ce.

Na kwance tabarmar kabar da na taho da ita, na shimfiɗa a ƙasa kusa da gadon Baraka, inda hannunta zai kai, nesa da bakin wutar. Muka buɗe ƙofa hayaƙi ya fita. Aka kwantar da shi rigingine, da ɗan zane ɗaya iya ƙirji. Ya baje hannuwa ya yi barci, cikinsa na hawa da sauka, kowa na gani. Ranar suna aka raɗa masa Harisu.

Ɗan Baraka na farko kwana ashirin ya yi a duniya. Harisu ya wuce ashirin. Na biyu wata biyu ya yi. Harisu ya wuce wata biyu, ya yi kumatu, ya fara yi wa Gwaggo dariya duk safiyar da ta zo da baƙin tukunyarta. Mata uku suka haihu a Dakoro cikin wannan kakar, kuma Gwaggo ce ta riga ni zuwa gidajensu tana faɗa: "Wa ya kife yaron nan? Ku kun taɓa sa hancinku cikin fata kun ji?"

Da ya cika wata huɗu sanyi ya shigo. Wata safiya Isufu ya dawo daga rugar Samba, makiyayin da ke riƙe da tumakinmu, rungume da sabon agalemi, fari tas, ya fi na Gwaggo laushi. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana murmushi.

"Ƙasa ta yi sanyi. Ga wannan a shimfiɗa wa yaron. Ai yanzu ya yi ƙwari."

Na buɗe baki, amma Baraka ta riga ni. Ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gidan ba ta fito har bakin ƙofa, ta karɓi fatar, ta shafa gashinta, ta mayar masa a hannu.

"Ta yi kyau, maigida. Ka yi salla a kanta."

"Sanyin fa?"

"Na ɗinka masa riga biyu."

Ya kalli Gwaggo, yana neman wanda zai tsaya masa. Gwaggo ta ci gaba da tsince geronta ba ta ɗago ba.

Baraka ta koma ciki, ta ja ƙyauren ta rufe. Daga bayansa muka ji muryarta.

"Na binne biyu daga kan fata. Wannan a tabarma zai kwana, rigingine, fuskarsa a buɗe, shi da duk wanda zai biyo bayansa."