Ma'ajin Kamfe na Adabka

Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, jam'iyya ta naɗa Maikuɗi ma'ajin kamfe na garin Adabka. Manomin gero ne, sunan kawai ya gada wajen kakansa. Amma ranar da aka sanar, sai da ya saka rigar sallarsa ya zaga kasuwa a kan babur ɗin aro.

Kafin la'asar labari ya cika gari, wai ɗan takara ya aiko kuɗi buhu-buhu daga Abuja, suna ɗakin Maikuɗi. Washegari zaurensa ya cika: matasa masu liƙa fosta, makaɗa, har da Lado mai shanu, wanda ya ce rugarsu duka tana bayan ɗan takara, in dai an gani a ƙasa.

Maikuɗi ya ji nauyin cewa babu. "Suna tafe," yake cewa, "kun dai san hanyarmu." Baƙo kuwa ba a barin sa da yunwa, sai matarsa Hure ta dama fura, ta tuƙa tuwo. Kullum haka, har rumbu ya kusa ƙasa.

"Malam," in ji Hure, "ɗan takaran ga, shi ka ba mu, ko mu ka ba shi?"

Maganar ta shige shi. Ya hau babur sai Bukkuyum, wajen ciyaman na jam'iyya, Alhaji Abdulwahabu. Alhaji ya rantse kuɗi sun baro Abuja, sun ma iso Gusau, sai dai hannuwa sun yi yawa a hanya. Ya ɗaura masa wani ƙaton buhu a bayan babur.

Jama'a suka tarbe shi tun daga bakin gari da kiɗa. A zaure aka kwance buhu: fostoci, hulunan hana-sallah, da katan ɗaya na magi.

Sai Lado ya tuntsire da dariya. "Ashe kai ka ɗauke da nauyin shugaban ƙasa, Maikuɗi!"

Hure ta leƙo ta sunkuci katan ɗin. "Wanga nawa na. Tukunyata anka ci."

Kowa ya zaɓi hula ya tafi, da safe kuma Lado ya aiko ƙwaryar nono.

Ranar zaɓe Hure ta tambaye shi wa zai dangwala wa.

"Shi mana," in ji Maikuɗi yana gyara hula. "Na kashe mishi da yawa, ba ni barin shi yanzu."